Jarkar da Na Hana Yayana Buɗewa

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina aiki a kamfanin jiragen sama, amma ban taɓa tuƙa jirgi ba ko sau ɗaya. Na faɗa wa mutanen garinmu haka har bakina ya gaji, ba su fasa ce mini mutumin sama ba. Aikina a ƙasa yake, cikin wani ɗaki wanda tagarsa ke kallon filin jirgi. Kafin jirgi ya tashi ni nake zama in duba nisan tafiya da nauyin kaya da iskar da zai yi karo da ita, in rubuta yawan man da za a ɗura masa, in sa hannu, matuƙi ya sa nasa. Iyakar aikin ke nan, ba hula mai tambari, ba kowa ya san da kai.

Man ba dunƙule ɗaya ake rubuta shi ba, kashi-kashi ne. Akwai na tafiya, wanda zai kai ka inda ka nufa. Akwai na jira, don kana iya isa ka tarar ana layi a sama, ko hadari ya zauna a kan fili, a ce ka yi ta shawagi. Akwai wanda zai kai ka wani filin dabam idan wannan ya ƙi buɗuwa. Sai na can ƙasan tanki, wanda ba a sa shi cikin shiri sam, wanda ya taɓa shi ko ya sauka lafiya sai ya yi bayani a rubuce. Doka guda ce ke riƙe da su duka: idan na jira ya ƙare, ka daina jira. Ba a cin man wancan filin ana zagaye a kan wannan.

Na ga ranar da wani ya karya ta. Da damina ne, wajen la'asar, hadari ya zo ya yi kane-kane a kan filin da jirginmu zai sauka. Matuƙin gwani ne, ya girme ni a aikin, kuma ni na rubuta masa takardarsa da safe. Masu hasumiyar da ke ba jirage izinin sauka suka ce masa minti goma, ya jira. Suka sake ce masa minti goma. Ba ƙarya suke yi masa ba, su ma hadarin suke kallo suna kintace. A karo na uku ya duba ya ga wancan filin ya riga ya fi ƙarfin abin da ya rage masa, saura wannan ɗin, ko ya buɗe ko kada ya buɗe. Ina sauraro ta rediyon oba-oba lokacin da ya sanar cewa mansa ya yi ƙasa, a ba shi hanya kafin kowa. Allah ya tsare ya sauka, fasinjoji suka fita suna mitar an ɓata musu lokaci. Da ya shigo ɗakinmu na zuba masa shayi, da hannu biyu ya riƙe kofin, duk da haka rabinsa a wandonsa ya ƙare.

Da kamfanin ya durƙushe aka sallame mu, na tattara nawa ya nawa na dawo gida, ƙauyenmu na bakin tafki a ƙasar Ngaski. Abin da aka ba ni na sallama na sa aka haɗa mini jirgin katako babba, na ɗora masa inji, don ɗaukar mutane da kaya zuwa Yelwa ranar kasuwa. Tuƙi kuwa na damƙa wa yayana. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya ba ni shekara tara, kuma shi bai taɓa barin ruwa ba. Ya san inda kowane kututture ke kwance a ƙarƙashin tafkin nan, na itatuwan da ruwa ya haɗiye tun da aka datse kogi. Yakan dubi launin ruwa ya gaya maka zurfinsa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka da wawa na yi rigima. A harkar ruwa ban kai ɗan yatsansa ba, kuma ban taɓa cewa na kai ba.

Abu ɗaya ne ban yarda masa da shi ba. Shi awon mansa, ya ɗaga tanki ya girgiza ya kara kunne, ya ce ya isa. Da haka ya yi shekara talatin, in mai ya yanke masa ya ɗauki filafili ya ƙarasa. To amma wancan ƙaramin kwale-kwale ne na kamun kifi. Nawa in ya ɗauki mutum talatin da kwandunansu, filafili ba ya yi masa komai sai cakulkuli.

Sai na sayo jarkoki uku na ɗaura wa kowace tsumma a wuya. Mai farin tsumma ta jira ce, mai baƙi ta zuwa wata tasha, mai ja kuwa ba a taɓa ta. Na fere sanda na yi mata tsaga-tsaga ta auna tanki. Na kuma bi gaɓa da ƙafata har na samo wata 'yar mashaya mai rairayi ta masunta, ƙasa da Yelwa, na ce in babbar tasha ta ƙi, nan za mu sauka. Ranar da yaya ya fara ganin jarkokin a jere a gindin inji, sai da ya cire hula ya sosa kai.

"Wai kai, Makka za mu tahi da jirgin ga? Yelwa ta hwa, nan ga bayan ɗaki."

Mutanen bakin ruwa suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Muka yi yarjejeniya a gabansu, tuƙi nasa, mai nawa. Matan da ke kai kifi banda kasuwa su ne ba su yi dariya ba, don wurin da jarkokin suka cinye ya isa kwando biyu. Akwai wata dattijuwa a cikinsu, uwar 'yan kifin garinmu, duk muna ce mata gwaggo, bakinta ya fi reza. Duk ranar kasuwa sai ta gaida jarkokin kafin ta gaishe ni, ta tambaye su ko sun kwana lafiya, ko an biya musu kuɗin jirgi. Ko a jikina, wai an tsikari kakkausa. Damina biyu muka yi a haka. Mai farin tsumma an buɗe ta sau biyu ko uku, mai baƙi ba a taɓa kwance murfinta ba, sai dai in juye man cikin tanki in sake sabo don kada ya kwana da yawa.

Ranar da abin ya faru ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya batse, ruwan ya yi jajir yana gudu. Mun tashi da sassafe jirgi cike, kwandunan kifi har sun fi kan mutane tsayi, ga buhunan shinkafa, ga awaki biyu. Tafiyar gaba da ruwa ce, ga iska a fuska, sau biyu kuma kainuwa ta naɗe farfela sai da muka tsaya muka warware. Kafin mu hango rufin kwanon Yelwa hantsi ya ɗaga, sandata kuma ta nuna man tafiya ya kusa ƙarewa. Wannan bai dame ni ba, don irin haka aka yi tanadi.

Da muka matso sai muka tarar tasha a toshe. Ruwa ya riga ya cinye rabinta, sauran rabin kuma wani ƙaton jirgin kaya mai ɗauke da itace injinsa ya mutu a daidai baki, ruwa ya juya shi ya gicciye, gindinsa ya maƙale a dutse. Jirage bakwai na ƙirga a waje, kowanne ya sa hanci cikin gudun ruwa yana riƙe da kansa da inji. Wanda bai san wurin ba zai ce me ya hana a kashe inji a jira. Ba a kashewa. Ƙasa da tashar duwatsu ne, ruwa ya rufe su amma suna nan, in ka kashe inji ruwa zai kai ka kansu a gicciye. Gaɓa kuma ta ko'ina ciyawa ce da ruwa ya malale, ba abin da za ka ɗaure igiya a jikinsa, gorar tura jirgi ba ta taɓa ƙasa. Ko dai injinka na aiki, ko kuma kana tafiya inda ba ka so.

Muka shiga layi muka zama na takwas. Na kwance mai farin tsumma na juye ta a tanki, na duba agogona. A kan tudu mutane sun taru suna jan jirgin itacen da igiya, wasu sun shiga ruwa har ƙirji suna sauke itacen. Duk wanda ya ɗago kai sai ya ɗaga mana hannu ya yi ihu, "Yanzu-yanzu! Saura kaɗan!" Na tabbata da gaske suke yi, har zuciyarsu. Rabin sa'a ta wuce suna saura kaɗan. Na zura sanda, na ciro, na sake zurawa bayan minti goma. Jiƙar man a jikin sandar ta sauko ta tsaya yatsa biyu a saman tsagar ƙarshe.

Na matsa kusa da yaya na yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ya kamata ƙane ya yi.

"Yaya, na jira ya ƙare. Mu juya mu tahi mashaya."

Bai ko dube ni ba, idonsa na kan jirgin itacen. "Diba can, ya hwara motsi. Zuba waccan."

"Waccan ta mashaya ta. In munka ƙone ta nan, ba mu da wurin zuwa."

"Wane wurin zuwa? Ga tasha gabanka kana gani. Zuba, ni ce."

Ya miƙo hannun hagu zai jawo mai baƙin tsumma. Ban san lokacin da na zauna a kanta ba. Mutum mai shekara hamsin da biyar, da furfurata, na zauna daram a kan jarka kamar kaza a kan ƙwai. Na ce masa ya juya hancin jirgi tukuna, da ya juya zan zuba. Nan fa fasinjoji suka farga. Gwaggo ta miƙe tsaye a tsakanin kwanduna tana tafa hannu.

"Mi nika gani? Mashaya? Masu motocin kihi na nan bisa tudu suna jiranmu, kai ko za ka kai mu daji? Kai babba, kana kallo ƙanenka na yi maka hauka?"

Kalmar babba ɗin nan ita ta ɓata komai. Na ga wuyan yaya ya kumbura. A garinmu ƙane ba ya gaya wa wansa abin da zai yi a gaban mutane, balle a gaban mata, balle a kan ruwa, inda yaya yake sarki tun ina rarrafe. Na san wannan sarai, ba a birni aka haife ni ba. Amma na kuma san yatsa biyu minti nawa ne.

"Tashi bisa jarkag ga," in ji shi.

"Ba ni tashi."

"Ni kaka ce ma ba ka tashi?"

Sai inji ya yi tari sau ɗaya. Mai yiwuwa datti ne a tiyo, mai yiwuwa tangaɗin ruwa ne ya karkata tanki, har yau ban sani ba. Jirgin ya yi tsit, har awakin. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Da tsoron da haushin suka haɗu sai bakina ya riga hankalina, na ɗaga murya yadda har na jirgin kusa da mu suka ji.

"Juya shi, Yaya! Jirgin ga nau na!"

Na ce masa jirgin nawa ne. Gaskiya ce, kowa ya sani, amma shekara biyu ba wanda ya taɓa furta ta, don ba irin gaskiyar da ake furtawa ba ce. Yaya ya dube ni, karon farko tun da muka iso. Ya tura hannun inji, jirgin ya kwanta gefe ya juya, juyin da ba kowane matuƙi zai iya yi da wannan lodi a wannan ruwa ba, ko ɗigo bai shigo mana ba. Na kwance murfin mai baƙin tsumma na zuba mai.

Minti ashirin da biyar muka yi zuwa mashaya, ba mai magana sai gwaggo, ita kuwa ba ta numfasa ba. Hancin jirgi bai gama hawa rairayi ba wayarta ta yi ƙara. Ta kara a kunne, ta saurara, sannan ta ɗaga wayar sama kamar tuta don kowa ya shaida. An janye jirgin itace. Ko kwata, minti sha biyar, ba a yi da tafiyarmu ba tasha ta buɗe, jirage bakwai ɗin duk sun sauka lafiya, masu motoci na can suna lodin kifinsu. Namu kuwa sai an nemo 'yan kabu-kabu sun yi jigilarsa kwando-kwando ta hanyar laka, kafin ya isa an tashi daga cinikin safe.

"Sama anka koya maka tsoro," in ji gwaggo, "ka zo ka sauke muna shi cikin ruwa. Allah shi isam muna."

Yaya ya sauko daga jirgi. Ya ari wata roba wurin masuntan wurin, ya cire tanki, ya juye abin da ya rage a ciki a gaban kowa. Man ya kai rabin roba, ga mai jan tsumma ko taɓa ta ba a yi ba. Ya ɗauko robar ya ajiye a gabana a hankali, kamar mai kawo wa baƙo ruwa. Sannan ya ɗauki butarsa da filafilinsa, ya hau bayan ɗan kabu-kabu na farko da ya iso, ya bar ni da jirgin da ban iya tuƙawa ba. Wani masunci na roƙa ya mayar da ni gida da yamma.

To bari in faɗi abin da ba wanda ya bar ni na faɗa a ranar. Da mun jira da mun sauka, na yarda. Robar nan ba ta yi ƙarya ba. Amma lokacin da nake zaune a kan jarka ban san za a janye jirgin cikin kwata ba, yaya bai sani ba, masu jan igiyar su kansu ba su sani ba. Da igiyar ta tsinke fa? Da an ƙara sa'a guda? Da mun ƙone baƙa muna jiran saura kaɗan, mu ƙone ja, sannan mu koma kallon duwatsu da mutum talatin. Waɗanda suka jira suka sauka ba dabara suka fi ni ba, sa'a suka taka, ni kuwa ba na ɗora 'ya'yan mutane a kan sa'a. Abin haushin aikin nan ke nan, ranar da ka yi daidai ba abin da ke faruwa, ba gawa, ba kuka, sai kifi da ya makara da mutanen da ke zaginka. Na gwammace zagin. Duk garin su taru su zage ni da ransu da lafiyarsu.

Kasuwa ta gaba mutum shida suka shiga jirgina, da baƙon matuƙi. Wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya hana ni shi ne gida ɗaya muke da yaya, ƙofar zaure ɗaya, in na gaishe shi ya amsa kamar yana amsa wa mai tallan goro.

Kwana tara ana haka baffanmu, ƙanen mahaifinmu, wanda shi kaɗai ya rage mana a manya, ya kira mu zaure bayan la'asar. Ya daɗe yana magana a kan zumunci, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Na so in ce masa ni wannan karon ba hange na yi ba, awo na yi da sanda, amma na haɗiye. A ƙarshe ya ce abu biyu yake so daga gare ni. In ba yayana haƙuri a kan maganar da na yi, sannan in amsa cewa na yi kuskure da na juya jirgi, in bar masa mai kamar yadda na bar masa tuƙi.

Na sauko daga tabarma na durƙusa a ƙasa, na cire hulata. Na ce maganar da na yi ta jirgi nawa ne maganar banza ce, ba tarbiyyar gidanmu ba ce, da ana mayar da magana ciki da na mayar, ko da za ta shaƙe ni. Na ce ya yafe mini don Allah da darajar iyayenmu. Da gaske nake, hawaye na ji suna bin gemuna, ban kuma ji kunyarsu ba.

"Madalla," in ji baffa. "Saura guda."

"Baffa, ta biyun ba ni iyawa."

"Kai, yaro."

"Ban yi kuskure ba, Baffa. In nac ce na yi, ƙarya niy yi maka."

Yaya, wanda tun da muka zauna yake kallon ƙofa, ya juyo. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya yi mini tambaya ɗaya, a hankali, kuma na san hanya yake ba ni, ƙofa ya buɗe mini in shigo mu rufe maganar.

"In gobe hakan ga ta sake hwaruwa, ina bisa inji, mutane na kallo, za ka sake zama bisa jarka?"

Ina son yayana. Shi ya koya mini iyo, shi ya sayar da komarsa ta kamun kifi aka kai ni makaranta, da ba don shi ba da ban san ko ƙofar filin jirgi ba. Kalma ɗaya yake nema, ƙarama, kuma da na faɗe ta da yanzu yana kan injina.

"Zan zauna, Yaya."

Ya gyaɗa kai sau biyu, ya miƙe ya sa takalmansa, ya ce wa baffa a tashi lafiya.

Tun muna yara kwano ɗaya muke ci ni da shi. Ko shekarun da na yi a birni, duk zuwan da zan yi, tuwo ɗaya ake fito mana da shi zaure, shi ya fara sa hannu, ya tura mini kan kifi gabana ya ce shi ya gaji da shi. Ran nan bayan magariba aka fito da kwano biyu, aka ajiye nawa a zaure, aka wuce da nasa ɗakinsa. Ba wanda ya yi mini bayani, ban kuma tambaya ba. Na daɗe zaune ina kallonsa har ya huce, kan kifin na ciki, ban san wanda ya ce a sa mini ba. Na wanke hannu na yi bisimilla. Ban ji ɗanɗanonsa ba ko kaɗan, amma sai da na cinye shi tas.